Kada ka sa hannu kana kwance: kurakuran da aka fi yi wajen neman diyyar haɗarin mota

Makon jiya na je dubiya asibiti wajen ɗan maƙwabcina, saurayi mai gyaran waya, wanda motar kaya ta kwashe daga kan babur. Tun kafin in ɗaga labulen ɗakin na san abin da zan tarar, kuma shi na tarar: ledar lemo da ayaba a gindin gado, gwangwanin madara, dattawa uku daga ɓangaren mai motar a kan benci suna ta "sannu, Allah ya ƙara sauƙi", sai wani matashi a tsaye a bayansu riƙe da takarda da biro. Kwana biyu ke nan da haɗarin, kumburin ƙafar ko sacewa bai fara ba. Na ja mahaifin yaron waje na ce, "Alhaji, don girman Allah kada yaron nan ya sa hannu a komai yau." Ya ce, "Haba Malam, mutanen kirki ne fa, da ƙafarsu suka zo."

Ni ma da ƙafarsu suka zo mini. Sana'ata ɗinki, kuma abin da na sani a wannan harka da ƙafata ta dama na saye shi. Tun daga lokacin, duk wanda mota ta buge a unguwarmu ni ake kira, kuma na gaji da ganin kuskure iri ɗaya ana ta maimaita shi kamar an haɗa baki.

Nawa ya faru ne ana saura kwana goma a ɗauki azumi. Na taso daga Kantin Kwari da shaddojin mutane ɗaure a bayan babur, motar wani kamfani mai rarraba kaya ta fito daga layi ba ta tsaya ba, ta yi sama da ni. Ƙashin ƙwauri ya karye wuri biyu. Ran kwana na uku sai ga tawaga: manajan kamfanin, da direban yana ta sunkuyar da kai, da limamin unguwarsu, sannan sun biya sun ɗauko kawuna, mutumin da ko ido ba na iya haɗawa da shi. Kawu ya zauna a bakin gado ya ce, "Ɗana, ƙaddara ta riga fata. Wannan bawan Allah talaka ne irinka, 'ya'yansa biyar. Ka yafe, Allah zai ba ka lada." Suka biya kuɗin asibiti na kwanakin nan uku, suka tura mini ambulan ƙarƙashin matashin kai, naira dubu 150 a ciki, suka miƙo takarda da Turanci, layinta bai fi takwas ba. Ga allurar kashe zafi a jikina, ga nauyin Kawu. Na sa hannu.

Bayan wata biyu hoto ya nuna ƙashin bai kama ba. Aka sake shiga da ni tiyata, aka sa ƙarfe. Wata bakwai ban taka keke ba. Ɗinkin ƙaramar salla ya wuce ni, na babbar salla ma ya wuce, kuma duk tela ya san a waɗannan biyun ake tara abin da za a ci har shekara ta zagayo. Yaran shagona biyu suka koma wajen wani, na sayar da ɗaya daga cikin kekunana. Sai a lokacin na kai wa lauya takardar. Ya karanta, ya ajiye ta a tebur, ya fassara mini: wai na karɓi wannan kuɗi a matsayin cikakken biya na ƙarshe, ni da magadana ba mu da sauran wata magana da kamfanin ko direbansa. Ya ce ana iya zuwa kotu a ce an karɓi sa hannun ne ina cikin halin da ban san inda kaina yake ba, amma tafiya ce mai nisa, kuma ga liman ga kawuna a matsayin shaidun cewa da yardata na yi. In tsayar da Kawu gaban alƙali in ƙaryata shi? Na naɗe takardata na koma gida.

Abin da ya fi ƙona mini rai har yau shi ne talaucin direban nan da aka sa a gaba. Ai tun farko ba shi zai biya ba! A doka, in direba ya yi ɓarna yana cikin aikin ubangidansa, ubangidan ma yana ɗauke da alhakin, ana iya neman haƙƙi a wajensa. Bayan ubangidan kuma akwai kamfanin inshora. Tun dokar 1945 aka wajabta wa duk motar da ke hawa titi a ƙasar nan inshorar da za ta biya wanda motar ta yi wa ɓarna, ita ce wannan da muke yanka don kawai mu nuna a shingen hanya. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta daga naira dubu 5 zuwa dubu 15 ga motar gida, ta kuma ɗaga abin da za a iya biya na ɓarnar dukiya daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Miliyan ukun nan na dukiya ne kawai, wato mota ko babur ko katangar da aka rushe. Rauni da rai lissafinsu daban ne. Ashe kamfanoni biyu na yafe wa, waɗanda ko sunana ba su riƙe ba, ni kuwa ina ganin na tausaya wa mai 'ya'ya biyar.

Kuma a daina jingina wa addini abin da bai ce ba. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i, kan wanda ya kashe mumini bisa kuskure, ta ambaci diyya da za a miƙa wa iyalan mamacin, sai fa in su ne suka yi sadaka da ita. Malamanmu sun karantar da mu raƙuma 100 ko dinari 1,000 na zinariya, gaɓoɓi ma kowace da ƙimarta. Karɓar diyya halal ce, masu gorin "ya ci kuɗin jini" su ji tsoron Allah. Yafiya alheri ce babba, ban musa ba. Amma sadaka ce, mutum kuwa yana sadaka ne da abin da ya mallaka, wanda ya san yawansa, ba tare da an tsare shi da ido ba. Wanda ke sa jikina rawa don fushi shi ne magidanci ya rasu ya bar mata da marayu huɗu, ran sadakar uku ƙanin mahaifinsa ya gyara murya a zaure ya ce, "Mun yafe duniya da lahira." Kai a wa? Diyya gado ce, rabonta ake yi yadda ake raba gado. In kana da kaso a ciki, yafe naka. Kason maraya ɗan shekara biyar ba naka ba ne, kuma gobe in kuɗin makaranta ya taso ba a ganin ƙeyarka a ƙofar gidan. Ku je ku tambayi malamin da kuka yarda da shi kafin wani ya buɗe baki, don magana zarar bunu ce.

Ga yadda nake yi in an kira ni. Majinyaci ba ya magana da tawaga ko kaɗan. A fitar da mutum ɗaya cikin dangi, mai sanyin kai, wanda ba ya jin nauyin cewa "sai mun yi shawara", shi kaɗai ne baki. A karɓi gaisuwa cikin mutunci, a karɓi kuɗin magani ma, don haƙƙi ne. Amma a rubuta a takarda, da Hausa in ita aka fi ganewa: an karɓi naira kaza ranar kaza, wani ɓangare ne na kuɗin magani, sauran magana sai likita ya gama nasa. Kowane ɓangare ya riƙe kwafi. Maganar ƙarshe ba na yarda a yi ta sai likita ya rubuta inda raunin ya tsaya: ya warke sarai ne, ko akwai aikin cire ƙarfe a gaba, ko ƙafar ta gajarce, ko hannun ba zai ƙara ɗaukar nauyi ba. Wasu na cewa ina ja da yawa, wai in aka jinkirta mai motar zai huce ya janye jiki. Yakan faru, na gani. Duk da haka gara mini wannan da a sayar da shekara guda ta rayuwar mutum a kuɗin kwana uku. Takardar sallama da kamfanin inshora ke kawowa a sa hannu kafin ya biya, ita ma rufe magana take yi, kada biro ya taɓa ta sai wanda ya san aikin ya karanta maka. In kuma an daidaita a gida, wanda ni ma shi na fi so muddin da ido buɗe aka yi, a rubuta adadi da ranakun biya, shaidu su sa hannu, kuɗin ya bi ta banki.

Akwai ƙanana da ake yi tun a bakin titi. Jama'a su taru, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar jini, ba wanda ya ɗauki lambar motar. A ɗauki lamba gaba da baya, da inda motar ta tsaya kafin a matsar da ita, da sawun taya a kwalta, da takardar inshora da lasisin direba. A karɓi lambar wayar mutum biyu da suka gani da idonsu. Mai shayi ko mai facin wurin ya fi ɗan kallo mai wucewa, don gobe ma nan za ka same shi. A kira 122, layin hukumar kiyaye haɗurra. A kai rahoto ofishin 'yan sandan yankin, a tabbata an zana taswirar wurin, VIO, jami'in duba lafiyar motoci, shi ma ya duba motar, in babu rahoton nan kamfanin inshora zai yi ta juya ka. Takardar inshorar a gwada ta nan take: danna *565*11# ka sa lambar motar, rumbun bayanan kamfanonin inshora zai nuna ko ta gaske ce, domin ta bogi na yawo a hannun direbobi. In ta bogi ce, ka san da mai motar za ka yi kai tsaye. Kada ka ce "laifina ne" don kawai hayaniya ta lafa. In a motar haya kake, rubuta sunanka na gaskiya a takardar fasinjoji ta tasha. Ku kuma masu dukan direba da cinna wa mota wuta, ba taimakon majinyaci kuka yi ba, kun ƙona masa shaida, kun mayar da mai laifi mai ƙara.

Kuskure na biyu da ya ci ni, ko da ban sa hannu a waccan takarda ba, shi kaɗai ya isa ya kayar da ni. Lauyan ya tambaye ni, "Malam, nawa kake samu a wata?" Na ce ya danganta, lokacin salla Allah yana buɗawa. Ya ce, "Ni na yarda. Me zan nuna wa alƙali?" Na yi shiru. Shekara goma sha biyar ina ɗinki, ba ni da littafi ko ɗaya in ban da na awo. Kuɗi ya shigo aljihu da yamma, ya fita cefane da safe.

Lauyan ne ya fahimtar da ni cewa kotu tana kasa diyya gida biyu. Akwai ta azaba da naƙasa da abin da rayuwa ta rage maka, wadda alƙali ke kimantawa da kansa bisa abin da ya gani da rahoton likita. Akwai kuma ta asarar da ke da adadi: kuɗin asibiti, magani, motar zuwa da dawowa, gyaran babur, da abin da ka rasa a kwanakin da ba ka fita nema ba. Ita wannan ta biyun sai an jera ta ɗaya bayan ɗaya a takardar ƙara, sannan a tabbatar da kowace da hujja. Alƙali ba ya cike maka gurbi don tausayi. Abin da ka kasa nunawa ya bi ruwa.

Mu 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, nan ne lagonmu. Ma'aikacin albashi nasa da sauƙi: takardar albashin watannin baya, bayanan asusun banki, takardar hutun jinya daga likita, da wasiƙa daga wurin aiki cewa bai zo ba daga ranar kaza zuwa ranar kaza, an kuma yanke masa kaza. Kai mai shago fa? Kai ɗan sahu fa? Mun saba ɓoye samu, kada dangi su sani, kada bakin mutane ya kama. To ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Nemo duk abin da ya bar sawu: bayanan asusunka na banki ko na OPay da Moniepoint inda masu ciniki ke turo kuɗi, littafin adashe mai nuna nawa kake zubawa kullum, rasit ɗin sarin kaya, littafin balas na mai babur ɗin da kake ja, wasiƙar shugaban ƙungiyar sana'arku. Da na duba daga baya, littafin awon nan da na raina yana ɗauke da sunan kowa da yawan kayan da na karɓa kafin azumin, shafi bayan shafi. Da a ce ina rubuta kuɗin kowane ɗinki a gefe, da ya zama hujja mai ƙarfi. Yanzu kowane dare kafin in ja ƙofar shago sai na rubuta abin da ya shigo, ko naira ɗari biyar ce ta facin wando, yarana ma na tilasta musu.

Kada kuma ka zuga adadi. Na ga wanda samunsa bai fi dubu 80 ba ya ce dubu 300, lauyan ɗaya ɓangaren ya ɗauko bayanan bankinsa ya karanta a gabansa, daga nan ko gaskiyar da ya faɗa ba wanda ya ƙara saurara.

Rasit kuwa, haba jama'a! Mutum ya kashe dubu ɗari huɗu a kemis, a ce ina takarda, ya ce ai an zubar da ledar. Leda guda mai zif nake saya in rataye a ƙarfen gadon. Duk abin da aka saya, ko auduga ce, rasit ɗinsa ya shiga ciki, a kuma ɗauki hotonsa a waya, don rubutun rasit ɗin inji yana gogewa cikin 'yan watanni. Wanda ba ya ba da rasit, irin ɗan sahun da ke kai ku asibiti, a rubuta a littafi da kwanan wata.

A nan zan ɓata wa wasu rai, maganar ɗori. Na san akwai masu ɗorin gado da Allah ya ba su sa'a, na kuma san tsadar asibiti ce ke kora mutane wajensu. Amma a ɗauke majinyaci cikin dare, a sa hannu cewa an fita ba da yardar likita ba, a kai shi gidan mai ɗori, wannan yanke wa kai hujja ne. Mai ɗori ba ya ba da rahoton da kotu ko kamfanin inshora za su karɓa. In ƙafar ta lalace daga baya, ɗaya ɓangaren zai ce ba motarsu ce ta lalata ta ba, ɗaurin kara ne, kuma da wuya ka iya raba biyun. Ga Asibitin Ƙashi na Dala nan a Kano, aikinsa ke nan. Ko me za ku yi daga baya, a fara da asibiti, a ɗauki hoto, a buɗe fayil, a adana katin. Wanda ya miƙe ya karkaɗe riga ya ce "ba abin da ya same ni", shi ma ya je a duba shi a ranar, domin ciwon kai da na baya da na ciki sukan ɓuya sai bayan kwanaki, in ka je bayan mako uku za a ce wani abu ne daban ya same ka. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, ku riƙe wannan.

Ma'aikata da yawa ba su san suna da wata ƙofa ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, NSITF, ke gudanarwa, ta haɗa har da haɗarin da ya same ka a hanya tsakanin gida da wurin aiki. Ubangida ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa. Ana so ka sanar da wurin aikinka cikin kwana 14, a kuma shigar da buƙatar cikin shekara guda. Ka gaya wa lauyanka in za ka bi ta nan, don tana iya shafar ƙarar da za ka kai mai motar.

Sai zaman jira. "Sun ce za su zo ran Juma'a." Juma'a ta zama wata, wata ya zama shekara, kai kana ta kawaici. Ƙara tana da wa'adi, kowace jiha da dokarta, a wasu wuraren shekara 3 ce kacal ga ƙarar rauni. In ya wuce, ko gaskiyarka ta kai hasken rana kotu ba za ta saurare ka ba. Mafi tsanani in motar gwamnati ce ta buge ka tana kan aiki: akwai dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata 3, wasu hukumomin kuma sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su ƙara. Ni a wata uku ko sanda ban fara dogarawa ba. Saboda haka in lambar motar ta gwamnati ce, ɗan'uwanka ya ga lauya tun a makon farko. Kamfanin inshora ma a rubuta masa da wuri, a kai da hannu, a buga hatimin karɓa a kwafinka. In ya yi ta jan ƙafa, NAICOM tana da sashen karɓar koke.

Kada ka ɗauka shari'ar da 'yan sanda suka kai direba ita ce taka. Waccan ta laifin tuƙin ganganci ce, tsakaninsa da hukuma. Alƙali na iya cewa a ba ka wani abu, amma cikakken lissafin asararka ƙara ce daban da kai za ka shigar. Kuɗin lauya a tsayar da shi tun farko a rubuce, kaso ne ko adadi. Marar hali ya nemi ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1976, ƙarar haɗari na cikin abin da take karɓa. Abin da kake sawa a Facebook ma ɗaya ɓangaren na gani, hoton da ka cije ka tsaya minti ɗaya a wajen biki yana iya zama hujjar cewa ka warke.

Alhaji dai, mahaifin yaron nan mai gyaran waya, ya koma ɗakin a ranar, ya durƙusa gaban dattawan ya ce a yi masa haƙuri, sai likita ya gama nasa. Ransu bai so ba. Matashin ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu. Dubu 60 da suka kawo muka karɓa, na yagi shafi daga littafina muka rubuta cewa ɓangaren kuɗin magani ne, su biyu mu biyu muka sa hannu. Shekaranjiya likita ya ce sai an sa wa yaron ƙarfe a cinya, kuma aƙalla wata uku ba zai zauna a shago ba. Ubangidansa a kasuwar waya ya yarda zai rubuto abin da yake samu a rana. Mun danna lambar motar, inshorar ta gaske ce, ran Litinin yayansa zai kai wa kamfanin wasiƙa. Ledar da na rataye a gadon, da na leƙa jiya, rasit goma sha ɗaya ne a ciki.